NAZARI: Kwalbar wanke inji a zamanin tsadar fetur, me direbobin Kankiya da Kusada ke saye da kuɗinsu?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na karɓar mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk mai tuƙa abin hawa a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a gidajen man NNPC ta haura naira 500 a Abuja da jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki, ta kai naira 617 a watan Yulin shekarar, sannan ta tsallake naira 1,000 a Oktoban 2024. Tankin Golf 3, motar da ta fi kowace shan wahala a tashoshin ƙauyukan Katsina, lita 55 yake ɗauka. A kan naira 195, cika shi naira 10,725 ne. A kan naira 1,030 kuwa, ya zama naira 56,650.

Mutumin da ya shiga irin wannan hali ba ya raina duk wata dabara da aka ce za ta rage masa shan mai. Ɗaya daga cikin dabarun da suka samu kasuwa ita ce ƙaramar kwalbar nan da ake jerawa a shagunan kayan gyara da gefen famfunan gidajen mai, wadda makanikai ke kira injekta kilina. Alƙawarinta uku ne: ta wanke kabon ɗin da ya taru a inji, ta dawo wa mota da ƙarfinta, ta rage mata shan mai.

A Kankiya da Kusada, batun ya wuce na masu sha'awar motoci. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta taso ta Bichi da Tsanyawa, ta ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya kafin ta kai Charanchi, ita ce jijiyar arzikin yankin. A kanta Golf da Sharon da Hiace ke jigilar mutane da hatsi da dabbobi zuwa kasuwanni. Cikin ƙauyuka kuma babura ne da injinan ban ruwa. Kowanne daga cikinsu abincin gida guda ne, wani lokaci fiye da guda. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassan jihar har ta taɓa wannan yanki, wadda ta sa mutuwar mota a daji bayan faɗuwar rana ta zama barazana ga rai. Saboda haka tambayar tana da nauyi: kwalbar tana aiki, ko kuwa kuɗin cefane ake zubawa a tanki?

Daga ina kabon yake fitowa?

Inji yana shaƙar iska, ya gauraya ta da mai, ya ƙona su a cikin silinda. Ƙofar da iska ke shiga silinda ta ciki ita ce bawul ɗin shiga, wanda ke buɗewa da rufewa sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti guda, kuma kullum yana cikin zafi. Abubuwa biyu ne ke ɓata shi. Na farko tururin baƙin mai ne: kowane inji yana da bututun da ke kwaso tururin da ya taru a ƙasansa ya mayar da shi hanyar iska domin a ƙona shi, kuma tururin yana ɗauke da ɓurɓushin baƙin mai. Na biyu hayaƙi ne, wanda injuna da yawa, musamman na dizal, ke mayar da wani kasonsa cikin hanyar iskar don rage guba. Idan maiƙo da kunkunniya suka haɗu a bayan bawul mai zafi, sai su daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Yau da gobe ƙanzon ya yi kauri, ya tsuke hanyar iska. Mota ta fara karkarwa a tsaye, ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, ta ƙara shan mai.

Har nan, masu tallar kwalbar gaskiya suke faɗa. Kabon yana taruwa, kuma yana da illa. Inda gizo ke saƙar shi ne ko abin da aka zuba a tanki yana isa wurin da kabon ɗin yake.

Sabulu ba ya wanke inda ruwa bai kai ba

Duk abin da aka zuba a tanki hanyar fetur yake bi, kuma iyakarsa inda fetur ya tsaya. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ta raba injuna gida uku.

Kashi na farko su ne injunan da nozul ɗinsu ke fesa mai a bayan bawul, kafin ya shiga silinda. Yawancin tsofaffin motocin fetur da ke bin hanyar Kankiya a nan suke: Peugeot 406, Corolla da Camry na shekarun 2000, Honda Accord ta wancan zamani, da Hiace mai fetur. A irin waɗannan injuna fetur yana wanke bawul a kowace shaƙa. Idan akwai sinadarin wanki na gaske a cikinsa, yana iya buɗe nozul ɗin da ya fara toshewa, ya kuma rage ƙanzon bawul a hankali. Sinadarin da ya fi suna a wannan aiki shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PEA, wanda kamfanin Chevron na Amurka ya yi fice da shi a maganinsa mai suna Techron. Ko a nan ma, akwai inda kwalbar ba ta kaiwa: bakin totur, wato murfin da ke sarrafa shigar iska, yana gaba da nozul, fetur ba ya ratsa shi. Wankinsa sai an kwance an sa hannu.

Kashi na biyu su ne injunan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, waɗanda aka fi sani da GDI. Mitsubishi ce ta fara yaɗa su a 1996, Volkswagen ta biyo baya da nata da ake kira FSI da TSI, sannan suka zama ruwan dare. Hyundai Sonata daga 2011 da Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, irin waɗanda ake shigo da su daga Amurka, duk a wannan sahu suke. A cikinsu iska ce kaɗai ke bi ta bawul ɗin shiga. Fetur ba ya taɓa bayansa ko sau ɗaya. Ko an juye kwalba goma a tanki, iyakar amfaninta tsaftace nozul. Ƙanzon bawul yana nan daram. A Turai da Amurka, maganin da aka sani shi ne a cire bututun iska, a fesa wa bawul ɗin niƙaƙƙen ɓawon goron Turawa da iska mai ƙarfi, ko a kankare shi da hannu. Su kansu masu ƙera motocin sun san da matsalar. Shi ya sa Toyota ta fito da tsarin D-4S tun 2005, mai nozul biyu ga kowace silinda, ɗaya a ciki, ɗaya a bayan bawul, tsarin da ke cikin Camry daga 2018. Injin dizal ma haka yake: mansa ba ya bin hanyar iska, don haka kwalbar tanki ba ta da abin yi da kunkunniyar da ta cika bututunsa.

Kashi na uku masu kafireto ne: babura irin su Boxer da Jincheng, janareto, da injinan ban ruwa na masu noman rani. A nan fetur yana bin hanyar iskar gaba ɗaya, amma abin da ya fi damun su ƙura ce da ruwa da tsatsar tanki da ke toshe ƙananan ramukan kafireto. Bakanike mai sukudireba zai gama da wannan cikin ɗan lokaci, a kan kuɗin da sau da yawa bai kai na kwalbar ba.

Amsar ke nan a taƙaice: kwalbar tana aiki a wasu injuna, a wasu sassa, idan abin da ke cikinta na gaske ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne babba.

Me ke cikin kwalbar?

Kwalba mai mililita 300 a tanki mai lita 55 ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke tankin ba sai da kaɗan. Kafin ɗan wannan ya yi tasiri, dole sinadarin da ke ciki ya kasance mai ƙarfi. Takardun bayanin sinadarai da kamfanoni ke wallafawa sun nuna cewa da yawa daga cikin masu araha mafi yawan abin da ke cikinsu tataccen mai ne dangin kananzir, sinadarin wankin kuwa ɗan kaɗan. Araha ba ta ado. Direban da ke tsaye a tashar Kankiya ba shi da hanyar bambance wadda ke ɗauke da PEA da wadda ba ta da shi, balle ya gane jabu daga ta asali, ga shi rubutun jikinta da Turanci ne, wani lokaci da harshen da ko mai shagon ba ya karantawa.

Akwai kuma wasu magunguna biyu da ake rikita su da wannan. Ɗaya ana fesa shi ta hanyar iska inji yana kunne. Yana isa bawul, yana tausasa wani ɓangare na ƙanzon, amma ba ya gamawa da wanda ya shekara yana daskarewa, kuma idan aka tuttula shi da yawa lokaci guda yana iya lalata inji, domin fistin ba ya iya matse ruwa. Ɗayan ana zuba shi cikin baƙin mai kafin juye. A tsohon injin da ya tara dagwalo, yana iya ɓamɓaro dattin ya toshe rariyar famfon mai, inji ya buga. Masu yin wannan wanki da kananzir ko dizal sun fi kowa jefa mota cikin wannan haɗari.

An bar jaki ana dukan taiki

Alamomin da ake ɗora wa kabon, wato karkarwa, rashin ƙarfi da shan mai, su ne dai alamomin mataccen fulogi, da koyil mai rauni, da famfon mai da ya gaji, da na'urar auna iskar salansa da ta lalace, har ma da tayar da ba ta da isasshiyar iska. Kwalba ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu.

Abubuwan da ke haifar da kabon a motocin wannan yanki ma sanannu ne. Akwai cire tamostat, na'urar da ke tsare ruwan lagireto har inji ya kai zafin aikinsa. Makanikai da yawa na cire ta da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta, su kuma haɗa fanka kai tsaye. Sakamakon shi ne inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara masa mai, man da bai ƙone ba ya koma kunkunniya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Akwai ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji, da kuma ta aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina da ya ɗauki shekaru, alhali filtar iska sai dai a kaɗe ta a mayar. Ƙurar da ta wuce tana cin ringi, ringin da ya cinye yana ƙara tururin baƙin mai. Akwai baƙin mai na awo da ba a san asalinsa ba, da jinkirta juye saboda tsada. Akwai fetur ɗin 'yan bumburutu da ya kwana a jarka. Kowanne daga cikin waɗannan yana zuba wa inji datti fiye da yadda kwalba za ta iya kwashewa.

Su ma motocin da tsufansu suka zo. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Motar da ta gama rayuwarta a Jamus, ta sauka Kwatano, ta yi shekaru a Kano kafin ta gangaro Kusada, ba mililita 300 ne zai mayar da ita sabuwa ba.

Darasi daga Amurka

Amurka ta daɗe da gane cewa wurin da ya dace a sa sinadarin wanki shi ne cikin man tun daga daffo. Bisa gyaran dokar tsaftar iska na 1990, Amurka ta wajabta sa shi a duk fetur ɗin da ake sayarwa daga 1995. Da kamfanonin motoci suka ga adadin da doka ta gindaya ya yi kaɗan, sai BMW da General Motors da Honda da Toyota suka kafa ma'auni mafi tsauri mai suna Top Tier a 2004. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta AAA ta wallafa a 2016 ya gano cewa, bayan tafiyar mil 4,000, fetur ɗin da bai kai wannan ma'auni ba ya bar datti a bawul ninki 19 na wanda ya kai. Sinadarin yana aiki ke nan, kuma ya fi aiki a matsayin rigakafi na kullum.

A ɓangaren talla kuma, hukumar kasuwanci ta FTC ta sha gurfanar da masu alƙawarin da ba su da hujjar gwaji. A 1995 masu STP sun biya tarar dala 888,000 kan tallar maganin inji. A 2000 masu Dura Lube sun amince su biya dala miliyan 2 don a mayar wa masu saye. Hukumar muhallin ƙasar kuwa ta gwada na'urori da dabaru fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wanda ya kawo ragi na a zo a gani ba.

Man da Najeriya ke sha

Tarihin ingancin mai a Najeriya ya bi wata hanya daban. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai yawan sinadarin salfa, wato farar wuta, musamman domin kasuwar Afirka ta Yamma. A lokacin, dokar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a dizal da kashi 1,000 a fetur, alhali iyakar Turai kashi 10 ne. Najeriya ta yi alƙawarin ragewa daga Yulin 2017, aka yi ta ɗagawa. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince da kashi 50 a taronsu na Wagadugu. Salfa tana lalata na'urar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, tana raunana na'urar auna iskar salansa, tana kuma saurin gurɓata baƙin mai. Babu kwalbar da ke cire ta daga tanki.

A Fabrairun 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta Beljiyam. Motoci suka lalace, aka janye man, layuka suka cika gidajen mai makonni. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da ta saukewa bai haɗa da auna methanol ba. A Yulin 2024 kuma shugaban hukumar NMDPRA na wancan lokaci, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida bai kai na waje inganci ba, Aliko Dangote ya mayar da martani da gwaji a gaban tawagar Majalisar Wakilai ƙarƙashin Kakaki Tajudeen Abbas. Manya sun yi ta musu a kan lambobi, mai saye yana kallo.

Abin da bai sauya ba a duk tsawon wannan lokaci shi ne jikin famfo. Farashi da adadin lita kawai yake nunawa. Ba ya faɗin yawan salfa, ba ya faɗin ko an sa sinadarin wanki. An ce wa ɗan ƙasa cire tallafi zai kawo kasuwa mai gasa, amma gasa a kan inganci ba ta yiwuwa idan mai saye ba ya ganin ingancin. A cikin wannan duhu ne kasuwar kwalba ke bunƙasa: direba yana biyan cikakken kuɗin mai, sannan ya sake biya daga aljihunsa don tsaftar da ya kamata a ce ta zo tare da man.

Wa ke da alhaki?

Dokar Masana'antar Man Fetur da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 16 ga Agustan 2021 ta ɗora wa NMDPRA kula da ingancin man da ake sayarwa. Hukumar SON ce ke tsara ma'aunin kayayyaki da tantance na shigowa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta tallar yaudara, ta kuma bai wa mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Dokoki ba su yi ƙaranci ba.

Abin da matasan yankin za su iya nema a fili yake. NMDPRA ta riƙa wallafa sakamakon gwajin man da ta ɗebo daga gidajen mai, jiha-jiha, har da na kan hanyar Kano zuwa Katsina. SON da FCCPC su tilasta wa duk mai shigo da maganin inji ya rubuta sinadarin da ke ciki da adadinsa, da irin injin da yake wa amfani, ya kuma gabatar da gwajin da ya dogara da shi kafin ya yi alƙawarin rage shan mai a rediyo ko TikTok. Ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Kankiya, Ingawa da Kusada a Majalisar Wakilai yana da damar gabatar da ƙudiri a kan wannan, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa duk mai neman kujerar. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA kuwa ba sa buƙatar jiran Abuja: na'urar binciken kwamfutar mota da 'yar kyamarar leƙa cikin inji da ake haɗawa da waya sun yi arahar da reshe guda zai iya saye don amfanin kowa.

Kafin nan, direba yana da ma'auninsa. Ya cika tanki, ya ƙirga kilomita, ko sawu nawa ya yi tsakanin Kankiya da Kano idan agogon motar ya mutu, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya rubuta lita nawa ta sha. Ya maimaita sau uku kafin ya zuba kwalbar, sau uku bayanta, da lodi iri ɗaya. Idan injinsa mai fesawa a bayan bawul ne kuma maganin na gaske ne, yana iya ganin ɗan bambanci. Idan na GDI ne ko dizal, kuɗin ya fi amfani a hannun bakaniken da zai kwance ya wanke. A kowane hali, sabuwar filtar iska, fulogi mai kyau, tamostat a mazauninta da juye a kan lokaci su ne a gaba, kuma dukkansu ana samunsu a shagon da ake sayar da kwalbar.